Farin Ƙyallen Masu Kama Sauro

A Nahuce na tashi, a hannun kakata Inna Dije, wadda aka auro daga 'Yandoto tun kafin a haifi babana. In damina ta sauka, da an idar da sallar isha'i sai ta ɗebo garwashi a kasko, ta watsa masa ganyen ɗoɗɗoya, ta ajiye a tsakar gida. Hayaƙin yana korar sauro, mu kuma yana sa mu hawaye. Haka za mu kewaye ta, mu jikoki, kowa na marin ƙaurinsa. Ni ta fi tsokana, don sunan mijinta gare ni.

"Maigida, matso nan. Miji awa wanga, ba cefane ba sutura, sai cin tuwo." In an gama dariya ta ce, "To ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi shi buɗe kunne." Mu ce ta shigo mu ji.

Inna Dije ba ta iya tatsuniyar lallashi ba. In ta raina mutum a cikin labari, sai ta ja tsaki kafin ta ambace shi, kuma ba wanda ya sha tsakinta kamar wani maharbi.

Wai a wani gari, duk damina yara na mutuwa. Jiki ya yi zafi, yaro ya yi ta rawar ɗari, kwana kaɗan a kai shi. Maharbin garin ya tsaya a kasuwa ya rantse sai ya kashe abin da ke cin 'ya'yan mutane. Shekarar farko ya jawo kura, aka yi masa kiɗa. Ta biyu ya kawo damisa, aka ƙara kiɗa. Yara dai ba su fasa mutuwa ba. Sai wata tsohuwa mai kaɗin auduga ta tare shi ta ce, tunda a kan shimfiɗa yaran ke kamuwa, me zai hana wani ya zauna kusa da yaro mai barci ya ga abin da ke zuwa masa? Maharbi ya yi dariya har kwarinsa na karkaɗawa. Ya ce mai baka da kibiya ba ya gadin tabarma. Ya shiga daji neman ɓauna, ya kwana bakwai, ya dawo yana kaɗa wutsiyarta. A bakin gari ya haɗu da mutane suna dawowa daga binne ɗansa.

"Ita tsohuwar fa, Inna? Ta zauna?"

"Ta zauna mana."

"Me ta gani?"

"Ku tai ku zauna ku gani. Ni ba gadin tabarmarku nika yi ba. Ta ƙare, kowa shi ɗau takalmansa."

Ba ta taɓa gaya mana ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Yau shekarata ta wuce hamsin, ina gyaran keke a Gusau, ina kuma zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Zazzaɓin damina ya ɗauke mini ɗa guda, Auwalu, yana ɗan shekara huɗu. Ƙanwarsa Rabi kuwa ba damina da ke wucewa ba ta kwanta ba. Da na ji tsawar farko gabana yake faɗuwa saboda ita.

Bara sai ga wasu masu bincike a unguwarmu, da izinin mai unguwa. Suka raba takarda da Hausa gida-gida. Kwana biyu na yi ina bin tawa da yatsa, layi bayan layi, har na fahimce ta. Mata ne za su shiga ɗaki da sassafe. Za a fitar da abinci da ruwan sha, a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, a rufe ƙofa da taga, a fesa magani. Sauron da ya faɗo kan ƙyallen su tsince shi su je su duba irinsa. Suna kuma ɗibar tsutsarsa da ludayi a kududdufi, su raine ta ta zama sauro, su gwada ko maganin jikin gidan sauro yana kashe shi har yanzu. Fari suke shimfiɗawa don a kansa ne ake ganin abu ƙarami baƙi. A ƙasa aka rubuta ranakun zuwansu. Iyakarta ke nan.

Amma muna da Alhaji Bawa. Dillalin hatsi ne, shi ke da babbar kujera a majalisarmu ta gindin dogonyaro, kuma ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba.

"Farin yadi," in ji shi, yana duban kowa ɗaya bayan ɗaya. "Da sassafe. A ɗakin da yara ke kwana. Ku ba ku san sunan wannan ba? Likkafani ake shigo muku da shi, kuna cewa sannu da zuwa."

Da ya ga maganar ta kama, sai ya ƙara da cewa zazzaɓi ai sabuwar gyaɗa ke kawo shi, kowa ya sani, kuma mace ta gama makaranta ta rasa abin farauta sai sauro. Aka kwashe da dariya, irin dariyar da ake wa mai kuɗi tun kafin ya gama magana.

Na miƙa masa takardar. "Alhaji, ga abin da suka ce. Duba."

"Na baro tabarau a gida."

Shekara ashirin ke nan da na san shi, kullum tabaran nan a gida suke.

Matata Hajara ma ta tsorata, amma nata tsoron daban ne, don ita ta ga Auwalu a cikin farin ƙyalle. Ta ce, "Malam, na yarda su shigo. Ni dai kada a shimfiɗa shi Rabi na ciki." Na ce ba za a yi ba.

Gida uku ne kawai suka buɗe ƙofa a layinmu, har da nawa. Da suka gama da ɗakin yara, shugabarsu Malama Asabe ta kira ni. Ƙyallen ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa riɗi baƙi. Ta ɗauki sauro guda ta danne, sai ga ja.

"Baba, wannan jinin na ɗakin nan ne. Na jiya."

Ta nuna mini inda gidan sauron Rabi ya yage ta wajen ƙafa. Ta zagaya da ni bayan katanga, ga ramin da na haƙa da hannuna na ɗebi ƙasar gini, ya cika da ruwa, tsutsa na wutsil-wutsil a ciki. Hajara ta ɗinke yagar. Ni kuma na ari baro, na yi mako biyu ina turo ƙasa ta gaban majalisa ina cike ramin. Nan suka naɗa ni Sarkin Sauro. In na wuce Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ya talakawa?" In ce lafiya lau, in tura barona.

Ba zan ce zazzaɓi ya bar gidana ba. Rabi ta kwanta sau ɗaya a daminar, muka kai ta gwajin jini tun ranar farko, ta sha magani ta tashi.

Ina yaro na ɗauka maharbin nan rashin sani ne ya kashe masa ɗa. Yanzu ba na jin haka. Ya ji maganar tsohuwar sarai. Abin da ya lura da shi shi ne, ba a yi wa mai gadin tabarma kiɗa. Irinsu sun gwammace ciwo ya zama babban abu mai haƙora, ko wata maƙarƙashiya daga nesa, da a ce musu ga shi nan a ramin bayan gidansu, sai an duƙa.

Kusan ƙarshen damina Hajiya Luba, matar Alhaji, ta shigo wurin Hajara. Jikansu ya kwanta asibiti karo na biyu. Wai Alhaji ya ce in tambayi mutanen nan ko za su zo gidansa, amma su cusa ƙyallen a buhu, su bi ta ƙofar baya. Na ɗauko takarda na duba, na ce a gaya masa ranar Talata za su dawo, kuma ta zaure suke shiga.

Talata da safe suka iso, farin ƙyalle a kafaɗa, majalisa a cike. Ƙofar Alhaji a rufe. Har sun gota sai muka ji an zare sakata. Hajiya Luba ce tsaye a zaure da mayafinta.

"Malama, ku shigo. Ɗakin yana hannun dama."

Alhaji Bawa ya miƙe daga kujerarsa a majalisa ya kakkaɓe riga, ya ce ya tuna ana jiran sa a Tsafe. Jikan nasa ya warke, an ɗaura masa gidan sauro. Yanzu in ka zauna a gindin dogonyaro za ka ji daga bakin Alhaji cewa shi ya kawo masu binciken unguwar nan, kuma da ƙyar ya shawo kan jahilai.