Nonon Akuyar Autanmu

Shekarar da fara ta cinye mana gero a ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Gashua, ina yarinya ƙarama. Tun kafin bazara rumbu ya zama fayau. Bado muke ɗebowa a fadama, Inna ta shanya, ta daka, ta tuƙa mana. Mu da muka tasa cikinmu ya karɓa, amma autanmu, da bai daɗe da yaye ba, ko ya ci sai ya dawo da shi.

Inna tana da yaya a Nguru, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce mata Iya. Ita ta aiko a kai mata yaron, wai can jirgin ƙasa na sauke hatsi, ba a kwana da yunwa. Baba ya kai shi a kan jaki, ya haɗa mata da akuyarmu mai shayarwa, ita kaɗai ta rage mana, don yaron ya riƙa shan nono. Duk fataken da suka zo daga Nguru, saƙon Iya ɗaya ne: yaro ya yi ɓul-ɓul.

Da ruwa ya sauka aka gama shuka, Inna ta ce in raka ta mu gano shi. Muka tarar Iya ba ta gida. A gindin turmi akwai wani yaro zaune, ciki kamar tulu, ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja, yana tsotsar ƙanzo. Na wuce shi ina neman ƙanena. Inna ce ta tsaya, ta durƙusa a gabansa. Bai yi kuka ba, bai ko miƙo hannu ba.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce Iya tana tasha. Kullum da safe takan tatse akuyar tas, ta dama fura, ta kai wa masu dakon gyaɗa su saya.

Da la'asar Iya ta shigo da ƙwarya a ka. Inna ba ta amsa gaisuwarta ba.

"Yaya, nonon yaron nan fa?"

"Ke ma kin san yadda gari yake. Da ban sayar ba, me za mu ci? Ai ga shi nan da ransa."

"Da kin aiko kin ce ba za ki iya ba, da ƙafata zan tako in ɗauki abuna. Amma kika ce ya yi ɓul-ɓul."

Iya ta miƙo mini ragowar fura. Yunwa nake ji sosai, amma da na dubi idon Inna sai na janye hannuna. Inna ta goya yaron, ta kwance akuyar ta ba ni igiya, muka fito.

Kakarmu ce ta yi jinyarsa, da romon kifi da nono mai ɗumi, ludayi-ludayi, har kumburin ya saɓe. Ya rayu, sai dai ya yi nawar tafiya, kuma bai taɓa kamo tsawon sa'o'insa ba.

Inna ta hana kowa gaya masa abin da Iya ta yi. Da ya girma ya fara kai barkono kasuwar Nguru, a gidan Iya yake sauka, ya dawo yana yabon kirkinta. Inna sai ta tashi ta shiga ɗaki.