Masu Tura Babur da Ambaton Malama

Shekararmu ta ƙarshe a jami'a kowa da ciwon kai nai, ni nau furojet na. Ni ɗiyar Wurno ta, na karanci halayyar yara 'yan makaranta, kuma duk ajinmu an san ni da saurin yatsa. In anka saki magana a gurup, kahin ka gama karantawa na riga na maida amsa har da sitika.

Bari in hwaɗa muku yadda ake auna malami a sashenmu. Akwai wani shahi a intanet inda kowane malami ke da jerin takardun binciken da yab buga, kuma gehen kowace an sa ko sau nawa wasu masu bincike sunka kawo ta hujja cikin nasu aiki. Shi ake ce ma ambato. Mai ambato da yawa shi na gwani, shi ake kira taro, shi ake ƙara ma girma.

Shugaban sashenmu, Farfesa, nashi ambato ya yi tsiri kamar buhunan albasa ranar kasuwa. Mun kau san yadda anka tara shi. Duk ɗalibin da zai kare furojet, sai ya zuba takardun Farfesa cikin manazarta, ko sun shahi aikinshi ko ba su shahe shi ba. Daga baya a maida furojet ɗin takardar jonal, wato mujallar masu bincike, sunan Farfesa ya bi ciki. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, amma 'yan gabanmu sun gaya muna, mu ma an so mu gaya ma na baya.

Malamar da ke duba aikina ba ta cikin wagga harka. Takardunta 'yan kaɗan na, ambatonta bai cika yatsun hannu ba. 'Yan ajinmu na tausaya mani, wai na hwaɗa hannun wadda ba a sani ba.

Da hutu nit tahi Rabah wurin kawuna, malamin firamare na a wata makaranta wajen Maikujera. Da sahe yaɗ ɗauke ni bisa babur in ga aji, don a lokacin ko taken furojet ban tsayar ba. Muna hango makarantar daga nesa sai yak kashe babur.

"Sauka," yac ce.

"Kawu, mai ya ƙare ko? Da ka yi magana mun tsaya gidan mai."

"Tanki cike shike. Ke dai sauka ki taka, ɗiyar birni."

Haka munka shiga, shina tura babur ina biye da jaka. Ban gama dariya ba sai ga wani malami bayanmu, shi ma turawa shike, gumi har cikin ido. Kawu yac ce mani da yawan yaransu daga ƙauyukan da anka watse sunka zo. 'Yan bindigar da sunka watsa su bisa babura sunka shigo. To in yaro ya ji ƙarar babur kusa, sai ka gan shi ƙarƙashin benci, wani ya yi hitsari a wando, wani ya wuni bai ce uffan ba. Da can bulala ake sa musu, a ce iskanci na.

"Wa yah hana bulalar?" nit tambaye shi.

"Wata malama ta zo daga jami'a. Ta daɗe tana zama bayan aji tana kallo. Ta je Goronyo ma, makarantun bakin dam. Da tag gama tat tara mu ƙarƙashin darbejiya, tay yi muna bayani da Hausa. Tac ce mu gwada kashe babur daga nesa mu gani."

Nan take nic ciro waya nin nuna mishi hoto. Yac ce ita ta. Malamata ta, wadda ake tausaya mani a kanta. Nib buɗe shahinta ina tsaye bakin aji, ga takardar nan bisa yara da ƙarar babur, ambatonta abin kunya. Nid dubi lambar, nid dubi baburan da anka jera jikin katanga, duk an turo su da hannu. Wallahi raina ya ɓaci.

A kan wannan niy yi furojet ɗina. Na zagaya makarantu a Rabah da Goronyo da wajen Kwargaba, ina hira da malamai, ina zama bayan aji kamar yadda tay yi. Da niz zo rubuta manazarta, takardar Malama na sama. Na Farfesa na karanta su, ban yi ƙarya ba, amma duk bisa zaɓen sana'a ga 'yan sakandare suke. Ban sa ko guda ba.

Ƙawata ta ɗaki tac ce, "Ke hauka kike? Zuba mishi ko uku na, wa zai duba? Kina gab da babban sakamako, maki kaɗan kike nema."

Gaskiya ta hwaɗa. In na samu maki mai kyau a furojet, digirina ya haye mataki na sama. In ban samu ba, in zauna na ƙasa, kuma shi za a riƙa gani a takardata har in tsuhwa.

Malama ma da tag ga manazartar sai tac cire gilashi. "Kin san wa zai zauna kan kujera ranar karewa?"

"Na sani, Malama."

"Ban ce ki yi hwaɗa don ni ba. Ni na saba."

"Ba don ke na ba. Babu babur cikin takardunshi."

Ranar karewa, Farfesa bai buɗe babi na ɗaya ba. Daga baya yas soma, shina bin sunaye da yatsa har ƙasa.

"Ɗiyata, ban ga kaina nan ba."

"Ranka shi daɗe, na nema, ban samu inda za ka shiga ba."

Wani ƙaramin lakcara yay yi tarin da ba na mura ba. Farfesa yan nuna sunan Malama, tana zaune gehe ba ta ko motsa ba. "Wagga takarda da kinka ɗora aikinki kacokan a kai, mutum nawa sunka ambace ta a duniya?"

"Ban ƙirga ba, ranka shi daɗe. Amma yanzu da ni."

Makin da anka ba ni ya isa in wuce, bai isa in haye ba. Na yi kuka a bayi, ba zan ɓoye ba, sannan niw wanke ido nih hito nis sa hoton baburan makarantar kawu a situs ɗin wayata.

Da nik koma Wurno ina ma Inna bayanin mataki na sama da na ƙasa, tana gyaran shinkahwa, tac ce, "To mi ya ragu a jikinki? Digirin dai sun ba ki ko?"

Bayan na gama, Malama tat taya ni gyara aikin mu tura jonal. Nic ce ta sa sunanta tare da nau. Taƙ ƙi. Wai in sunanta na ciki, ta ambaci kanta ke nan, mi yar raba ta da Farfesa? Masu jonal ɗin sun yi ta maido muna da shi gyara har sai da nig gaji da ganin saƙonsu, daga ƙarshe sunka buga.

Kullum sai na leƙa shahin Malama, ko data ta kusa ƙarewa. Wata rana ina bakin kasuwa ina jiran mota niz zuge shahin da yatsa, sai ga lambar ta motsa. Guda ta ƙaru, kuma in ka danna, sunana ke hitowa. Kahin direba ya gama ɗaure kaya na ɗauki hoton allon, na zagaye lambar da ja, na watsa gurup ɗinmu, wanda Farfesa ma ke ciki, na tura ma kawu, na tura ma Malama.

Kawu ya aiko da murya, shina haki, da ji babur shike turawa. Malama kau layi guda tar rubuto: "Na gani. Sai ki soma takarda ta biyu."