Gwadunan da Ba Su Isa Jos Ba

Kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ba a garin nan na Jos. Yayyafi kawai, hazo ya rufe duwatsu, kowa ya ƙule a ɗakinsa. Irin wannan yanayi ba ya barina da tunanin kowa sai na kakata.

Ina ƙaramin yaro a ƙauyenmu na gefen Isa aka yi diban gwamna, wato kwasar maza da Turawa suka yi zuwa haƙar kuza a nan. Aka tafi da babana da ƙanensa. Babana ya dawo shi kaɗai, a rame, ya ce wa kakata ƙanen nasa ya samu aiki, sai dai garin akwai sanyi.

Wannan kalma ta sanyi ita ta hana tsohuwar sakat. Da marka ta kama, sama ta yi baƙi ƙirin, sai ta ɗauko mazari ta yi ta kaɗi. Duk shekara sai an saƙa gwado, ta ba babana ya ba fatake su kai wa ƙanen nasa. Ni kuwa haushi nake ji, ga ni ina kwana da tsumma.

Wata damina ruwa ya huda hular rumbunmu. Babana ya shiga da hantsi yana fid da dawa, ni ina karɓa. Can sai ya miƙo gwaduna huɗu, jiƙe sharkaf, suna warin ruma. Ashe kakata tana tsaye bayana.

Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Da ka sa shi ƙasa, da mi ka lulluɓe shi?"

"Da rigata, Inna."

"To kai, da mi ka taho gida?"

Babana ya durƙushe cikin taɓo. Ita ce ta shanya gwadunan da hannunta. Da suka bushe ta kai masa ɗaki.

Da na zo nan Jos, na zagaya tsofaffin ramukan kuza har na gaji, na tambayi dattawa inda ake binne 'yan diban. Wani ya nuna mini da baki. Gidajen bene ne a wurin yanzu, har da yara suna ƙwallo.