Gidan Lambara da Jikata Ta Gina

Ku matso ku ji. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, ko da yake da an ba ni shi ina yarinya, da tatsuniya zan ɗauke shi. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, jikata tana rubutawa.

A Lambara aka kai ni aure, can na haifi 'ya'yana. Na farin namiji ne. Mu a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo. In zan ba shi tuwo, sai in miƙa wa ƙanwarsa in ce, "Kai ma wancan." Haka uwata ta yi da yayanmu, haka ni ma na yi.

Ya girma a fadamar albasa tare da ubansa. Zamanin mulkin farar hula na biyu, da farko mun ga sauƙi, har maigidana ya sayi injin ban-ruwa aka jingine jigo. Sannan abu ya juya. Taki ya ɓace, sabulu ya zama abin ɓoyo, injin ya lalace aka nemi kayan gyaransa har Sakkwato babu. Soja suka karɓa, ruwan sama kuma ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Wata safiya ina tankaɗe, sai ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya ce zai bi motocin albasa zuwa kudu, in damina ta faɗi zai dawo. Na ce, "Allah shi kiyaye hanya." Daminar ta faɗi, wasu suka bi bayanta. Wani direba ya ce ya gan shi a Ikko, wani ya ce ya ƙetare iyaka ya yi yamma. Daga nan shiru. Ubansa ya rasu, gidan ya zube, ɗiyata ta ɗauko ni ta kawo ni Boɗinga.

To, bara sai makarantar jikata ta shiga wani sabon karatu. Aka ba su ƙaramar kwamfuta, mai faɗin faifai, suna zuwa da ita gida ƙarshen mako. Ta ce mini akwai wani gari a cikinta wanda ba ya ƙasar kowa. Yara 'yan makaranta daga ƙasashe masu nisa suna taruwa a cikinsa, kowa da ɗan hotonsa mai tafiya, suna magana suna jin juna. Malamansu sun ce kowane yaro ya gina gidan kakanninsa a can, sauran su zo su gani su yi tambaya.

Ta shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin darbejiya, don nan kaɗai abin ke kamawa. Ta ce, "Tsohuwa, yau ke ce malama. Faɗa mini gidanku na Lambara."

Na ce, "Ke da ko murhu ba ki iya kafawa, gida za ki gina?"

Amma na faɗa mata. Zaure yana duban gabas. Rumbun ƙasa biyu, rijiya a kusurwa, rumfar da muke shanya albasa, tsamiya a bayan danga. Ina faɗa tana jan yatsa, bango yana tashi. Ta yi rumbun da kusurwa huɗu kamar akwati, na ce ta rushe. Da muka zo ƙaramin ɗakin da ke hannun dama in an fito zaure, ta ce, "Wannan na wa?"

Na ce, "Na wancan ne."

Ba ta sake tambaya ba. Ta san labarin kawunta daga bakin uwarta.

Ranar da baƙi suka zo, ina zaune kusa da ita. Na ga gidana tsaye a cikin gilashi, ba tsaga, ba ciyawa a kan bango. Yaran suka riƙa faɗowa ciki kamar awaki. Wani daga ƙasar sanyi ya haye kan rumbu ya tsaya. Wata ta wuce kai tsaye har ɗakina.

Na ce, "Waɗanga ɗiyan wa ne? Ba a koya musu sallama ba?"

Jikata ta yi dariya ta fassara musu. Suka fita gaba ɗaya suka jeru a ƙofar zaure, tana koya musu, suna karya harshe. Ina cikin dariya sai na ji wata murya ta ce, "Salamu alaikum, masu gida. Mun same ku lafiya?"

Na amsa da ƙarfi tun ban sani ba. Wata yarinya ce mai rawayar riga. Hausarta ta ɗan karkace, amma Hausa ce. Ta ce daga Kumasi take, a zango, unguwar Hausawa, aka haife ta, kakanta kuwa mutumin ƙasar Sakkwato ne, da albasa ya je can bai komo ba.

Na matso kusa da gilashin. Na ce da jikata, "Tambaye ta ko bahago ne. Tambaye ta ko yana da tabon lauje a ƙwaurinsa na dama."

Yarinyar ta ce ba ta taɓa lura ba, amma za ta kawo shi da kansa mako mai zuwa.

Makon nan ban ji daɗin abinci ba. Sai in tsinci kaina ina lissafin yadda furfura za ta zauna masa, ni da ban taɓa ƙare masa kallo yana saurayi ba.

Da ranar ta zo, hoton yarinyar nan mai rawayar riga ya tsaya a ƙofar zaure, amma muryar dattijo ce ta fito daga bakinsa. Yana yin sallama na san ba nawa ba ne. Wannan ya girme ni ma. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi damina. Ya ce shi mutumin wajen Kajiji ne, tun kafin a haifi nawa ya bar gida. Jikarsa ta zaga da shi, ya tsaya a gaban rumbu yana dubansa.

Sannan ya ce, "Hajiya, an ce cigiya kike. Waɗanda suka zo mana a shekarun wahalar nan suna da yawa. Mi ne ne sunanshi?"

Na buɗe baki, sunan ya zo har bakin haƙorana ya tsaya. Jikata tana kallona.

Dattijon ya ce, "Na fari ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "To, bari. Yarinya, ke faɗa."

Jikata ta faɗa, da sunan ubansa, da na garinmu. Na sunkuyar da kai. Rabon da in ji an haɗa sunayen nan biyu a kusa da ni, tun maigidana yana da rai.

Dattijon ya maimaita a hankali, ya ce bai san shi ba. Amma ya ce ranar Juma'a zai tambayi tsofaffin 'yan albasa a masallaci.

Ya cika alkawari. Saƙon da jikarsa ta kawo shi ne, mutum ɗaya ya tuna wani bahago mai wannan suna, Basakkwace, marar yawan magana, da ya yi dako a kasuwarsu wata biyu ko uku. Daga baya ya bi mota zuwa Abijan. Shekaru da yawa ke nan. Ko shi ne, ko wani ne, mutumin bai iya rantsewa ba.

Zangon karatu ya ƙare, aka karɓi kwamfutocin. Jikata ta ce malaminsu ya ce za a sake buɗe garin da wasu makarantu, amma bai san na waɗanne ƙasashe ba tukuna.

Na ce, "In kin koma, ki gaishe da malamin, ki tambaye shi ko akwai yaran Abijan a ciki."

Ta ce, "Kaka, Abijan fa ba Boɗinga ba ce. Mutane ne kamar ƙasa."

Na ce, "Na ji. Ke dai ki tambaya."