Shuka a Gonar Aro

Da tatsuniya ce, da na gyara mata ƙarshe. To, ba ita ba ce.

Jikata 'yar fari ce, tun daga yaye aka miƙo mini ita. Da ta gama sakandare ta ce digiri take so, ubanta ya ce 'yarsa ba za ta kwana a wani gari ba. Ni na tsaya mata. Na ce ga kwalejin horar da malamai nan, mota ɗaya ce daga Tsanyawa, kuma an ce a nan ma ana yin digirin, da sunan wata jami'a ta nesa. Na yi masa alkawari kullum a ɗakina za ta yi magariba. Ya yarda.

Shekara biyu tana zuwa tana dawowa. In ta shigo sai ta ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan?" Ni kuma in ce, "Ina nan daram, 'yar nema, sai na ga hular nan mai igiya a kanki."

A ta uku, gero ya fara fid da kai, ta dawo tun da hantsi. Ta ce gwamnati ta canza tsari, an hana kwalejinsu yin digiri. Mai so ya bi jami'ar can garinta, tafiyar yini guda. Wanda ba zai iya ba ya karɓi ƙaramar takardar koyarwa.

Ni ban san boko ba, amma na san aron gona. A wajenmu gonaki a matse suke, kowa ya taɓa ara ko ya ba da aro, kuma ko maƙiyinka ne ba ka karɓe gonarka da shuka a tsaye. Na ɗauka ba a gaya wa hukuma hakan ba ne. Na ƙulla daddawa a leda, muka hau mota ni da ita.

Shugaban sashensu ya ba ni kujera, na miƙa masa daddawar. Na ce, "Ɗan nan, yaran nan sun riga sun yi shuka. A bari su girbe mana."

Ya ce, "Inna, wallahi kina da gaskiya. Amma takarda ce daga sama. Mu ma aron muka yi."

Na ce, "To kai ni wurin mai gonar."

Ya daɗe yana jujjuya ƙullin daddawar. "Inna, ni ma ban taɓa ganinsa ba."

A hanyar dawowa ta ce, "Kaka, in kika yi wa Baba magana, zai bar ni in tafi." Gaskiya ta faɗa, ɗana bai taɓa tsallake maganata ba. Amma sai na hango ɗakina, tabarma biyu mutum ɗaya. Na ce, "Na riga na yi alkawari, babba ba ya magana biyu."

Da alkawarin na fake. Allah ya sani, tsoron kaɗaici ne.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Kaka." Ta karɓi ƙaramar takardar. Yanzu tana koyarwa a firamaren unguwarmu, ina jiyo muryarta ta kan katanga. Wata ƙawarta da ta bi jami'ar ta dawo bara, ita aka ba shugabancin makarantar. Jikata ce ta share mata ofis.