Mai Gyaran da Ya Ɓata Talabijin

Duk Rikoto an san Japhet mai gyaran talabijin da rashin zama wuri ɗaya. Yana yi maka magana hannunsa na kwance rediyo, ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na kan titi. Matarsa Theresa ta ce ko a coci sai ta danne masa gwiwa, in ba haka ba bencin duka ya kama rawa.

Abin da ya hana shi sukuni kuwa yayansa ne, Dawuda. Soja ne, aka tura shi Saliyo, ya dawo da hannuwa da ƙafafu lafiya lau, amma baki ya mutu. Shekara shida yana zaune yana kallon bango, ba um ba um-um. An je asibiti, fasto ya yi addu'a, wani tsoho a Wasagu ya ba da jiƙo. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Abu ɗaya ne ke ɗaga masa kai: tsohon gem ɗin kaset, wasan talabijin da suke bugawa tun suna samari a bariki, na wata jar mota mai kauce wa ramuka. In an kunna sai ya matso ya buga, in ya gama ya ci tuwo. Sai a damunar 2006 tsawa ta ƙone gem ɗin, ta taɓa talabijin. Talabijin dai Japhet ya gyara a yini ɗaya, har ya fi da kyau. Kaset kam ya tafi ke nan. An duba Kontagora, an aika Kaduna, babu irinsa. Dawuda ya koma bango, abinci sai an yi da gaske, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Japhet ya ce to shi zai ƙera wani. Kai, mutumin da bai gama sakandare ba! Ya samo tsohuwar kwamfuta, wani malamin makaranta ya ba shi faifan haɗa gem ya nuna masa kan abin. Wata uku yana fama, ya tashi, ya zauna, ya zagi janareto, ya dawo. Ya fito da mota mai sheƙi, da gajimare, har da inuwar itatuwa. Dawuda ya kalla sau ɗaya ya kau da kai.

Ran nan saura ƙiris Japhet ya rotsa kwamfutar. Da zuciya ta sauka ya gane kyan ne ya yi yawa. Ya sayi littafin lissafi mai gida-gida, ya zana motar a ciki, gida sha shida a tsaye, sha shida a kwance, launi uku tak. Ya share gajimare, ya share inuwa, ya mai da kiɗan ƙit-ƙit kamar kukan gyare. Ya ja waya ya haɗa da tsohon talabijin ɗin.

Wannan karon Dawuda ya daɗe yana kallo. Yatsunsa har sun motsa. Sai ya juya bango.

"To mi ya rage kuma?" Japhet ya faɗa da ƙarfi, yana zagaye ɗakin. "Na ƙirga kowane gida! Mi ya rage?"

Theresa ta tsaya a ƙofa da faranti a hannu, ta dubi hoton. "Wannan ai ba shi ba ne. Waccan motar in ta zo gefen dama kore take komawa. Kuma hoton yakan riƙa gudu sama."

"Wannan lalacewa ce. Na gyara ta."

"To, sannu mai gyara," in ji ta.

Japhet ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ashe laifinsa ne. Shekara da shekaru talabijin ɗin na da wannan ciwon, da shi suka yi samartaka, shi kuma ya zo da gwanintarsa ya warkar da shi.

Ya ruga shago ya ɓalle maganaɗisu daga bayan wata tsohuwar lasifika, ya manna a gefen dama na talabijin har jar motar ta koma kore. Ya zura hannu baya ya murɗa ɗan maɓalli, hoto ya fara gudu sama. Wallahi abin ya yi masa ciwo, shekara goma sha biyar bai taɓa ɓata kayan aiki da gangan ba.

Dawuda ya miƙe. Ya zo ya kai wa talabijin mari a gefe, tas, hoton ya tsaya. Ya zauna a ƙasa ya fara bugawa. Rami ɗaya, rami biyu, rami biyar. Can, bai ko waiwayo ba, murya a dishe, ya ce:

"Japhet, rage ƙara. Baba na barci."

Theresa ta toshe baki da gefen zane. Baba ya rasu tun Dawuda na Saliyo, ba ya nan aka binne shi.

Hawaye suka zubo wa Japhet, bai san na murna ba ne ko na baƙin ciki. Ya durƙusa gaban talabijin ɗin.

"To, Yaya," ya ce, ya rage.