Wuyan Tela da Bakinsa

Tun yana saurayi wuyan tela ya murɗe zuwa hagu, ya ƙi dawowa. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ce ke aika wa jijiyoyi umarnin banza. 'Yan unguwa kuwa suka ce leƙen maƙwabta ne ya bi shi. A haka ya koyi ɗinki, keke a karkace, shi ma a karkace, ga ciwo kamar ana matse wanki. Sai dai Allah ya ba shi baki. Mace za ta kawo yadi, ya dube ta ta gefen ido ya ce, "Hajiya, wannan ai hannu ɗaya zai rufe miki, ina sauran?" Ta zage shi ta tafi, gobe ta dawo da ƙawarta.

Da ciwon ya kai ga hana shi zura zare a allura, aka yi masa aiki. Aka dasa wayoyi biyu sirara a cikin kansa, aka binne batir a ƙirjinsa, ƙarƙashin fata. A hankali wuya ya miƙe. Matarsa, wadda ta shekara da shekaru tana gasa masa wuya da ruwan zafi, ta yi kukan daɗi. Shi kuma ya ce yau ya ga bangon dama na shagonsa, ashe ko fenti babu.

Shekaru suka tafi, wuya na nan tsaye ƙyam, ana yi masa caji kamar waya. Amma harshe ya riƙa nauyi. Magana ta koma fita a cakuɗe, a makare, sai ka ce bakinsa cike da auduga. Matar, da ke guga a bayan shagon, ita kaɗai ke ganewa, don haka ta naɗa kanta tafinta. Nan fa aka cuce shi. Ya ce wata ta ƙara ƙiba har awo ya gaji, matar ta ce, "Wai kin yi kyau, Hajiya." Ya ce zanen wata kamar labulen asibiti, ta ce, "Yana tambayar yara." Kafin a jima unguwa ta ɗauka tela ya tuba. Ana gaishe shi da ladabi, ana rage murya a gabansa, har wata ta roƙe shi addu'a. Wannan abu ya ci masa rai fiye da ciwon da.

Ranar da suka koma asibiti, likita ta yi musu bayani dalla-dalla. Wutar da ke riƙe wuyan ita ce ke danne harshen. In an rage, magana za ta ɗan saki, amma wuya zai karkata, ciwo ma zai leƙo.

"Ya ce a bar shi yadda yake," in ji matar, tun bai buɗe baki ba.

Tela ya buga tebur, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙasa da yatsa. Wannan kam ba ya bukatar tafinta. Likita ta rage.

Bayan 'yan makonni kan ya fara zamewa hagu. Matar ta daina yi masa magana sai da ƙarar dutsen guga. Wata safiya ta gan shi yana cije leɓe a kan keke, ta kasa haƙuri.

"Malam, ni na san abin da wuyan nan ya yi mana. Don ka zagi mutane za ka koma?"

Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, tunda wuya ba ya juyawa. Maganar ta fito a hankali, amma tsaf.

"Ciwon nawa ne, zan ɗauka. Amma in na mutu da bakinki, za su taru su yi kukan wani salihin bawan Allah. Ni kuma wa zai yi kukana?"

Ta bar dutsen guga a kan rigar mutane har ta fara ƙauri. Sannan ta ɗauke shi, ta tafi ɗora ruwan zafi.